Tsofaffin Kwamfutoci da Uwar Garke: Yadda Ake Haɗa Ofis a Ƙasar Arewa

Wanda ya taɓa zaman jiran takarda a wani ofis a Dogon Dutsi ko Tibiri ya san ɗan abin nan da ake kira kle, wanda mutanen Najeriya ke ce wa filash. Sakatariya ta buga wasiƙa a kwamfutarta, ta zuba a kle, ta miƙa wa masinja ya kai ɗakin shugaba. Shugaba ya gyara layi biyu ya maido. Na'urar buga takarda kuwa tana ɗakin mai lissafin kuɗi, haɗe da kwamfuta ta uku, don haka kle ya sake ɗaukar hanya. Kafin azahar wasiƙa ɗaya ta haihu ta zama uku, kowace da nata gyaran, kuma babu mai iya rantsuwa a kan wacce ce ta ƙarshe. Idan aka yi rashin sa'a kle ɗin ya biya ta shagon buga takardu na bakin tasha, ya kwaso cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar gumakan bogi a gurbinsu, to aikin ranar sai dai haƙuri.

Maganin wannan wahala ya girmi da yawa daga cikin ma'aikatan da ke shan ta. A ware kwamfuta ɗaya ta zama ma'ajiya, a ja waya daga kowane tebur zuwa gare ta, kowa ya buɗe fayil a wuri ɗaya ya kuma mayar da shi a wurin. Ita ce ake kira uwar garke. Ba ta bukatar intanet, ba ta cin kuɗin kati, ba ruwanta da ko rezon Airtel ko na Moov ko na Zamani ya ɗauke. Abin da take so waya ce, da wuta, da mutum mai kula.

Gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri suna jihar Doso, a ƙasar Arawa, inda kwarin Dallol Mawri ya ratsa. Dogon Dutsi na bakin babbar hanyar RN1, kimanin kilomita 270 gabas da Yamai. Tibiri, wadda bai kamata a rikita ta da Tibirin Gobir ta jihar Maraɗi ba, an cire ta daga Dogon Dutsi aka yi mata gunduma tata a 2011. Ƙananan hukumomi goma ke ƙarƙashinsu: Dogon Dutsi, Matankari, Kiyeshe, Ɗan Kasari, Dogon Kirya da Sukukutan a ɗaya ɓangaren, Tibiri, Dumega, Geceme da Kore Mai Ruwa a ɗayan. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da dubu 600 a gundumomin biyu idan aka haɗa. Kowace ƙaramar hukuma tana da ma'aikatar magajin gari inda ake yin takardar haihuwa da ta aure, ga makarantun sakandare, ga cibiyoyin kiwon lafiya masu aika rahoton wata. Duk aikin takarda ne, kuma takardar yanzu daga kwamfuta take fitowa.

Su kuwa kwamfutocin, ba rana ɗaya suka zo ba. Wata wani aikin raya ƙasa ne ya bari da wa'adinsa ya cika, wata kyautar wata ƙungiya ce, wata kuma ƴar gwanjo ce da aka sayo a Yamai ko aka ɗauko daga Kano ko Legas. Sai ka sami ɗaki ɗaya da Windows XP na 2001 a wannan kusurwa, Windows 7 na 2009 a waccan, sannan ga ƙaramar kwamfutar shugaba mai Windows 11. Dell da HP na wancan zamani ba su da saurin mutuwa. Muddin aikin buga wasiƙa ne da cika jadawalin Excel, suna yi ba gardama.

Waya takwas cikin ɗan kai guda

Aikin hannu shi ne mai sauƙi, ko da yake shi ne ake gani. Ana bukatar ɗan akwati mai ramuka takwas ko goma sha shida da ake kira suwic, da nadin wayar rezo, da kawuna na roba masu haske da ake kira RJ45, da filaya ta musamman ta matse su. Mai aikin zai feɗe bawon wayar kamar tsawon gaɓar yatsa, ƙananan wayoyi takwas su bayyana a murɗe biyu-biyu. Ya warware su, ya miƙe su tsakanin babban yatsa da manuni, ya jera: fara mai ratsin lemo, lemo, fara mai ratsin kore, shuɗiya, fara mai ratsin shuɗi, koriya, fara mai ratsin ƙasa-ƙasa, sai ƙasa-ƙasa. Ya daidaita bakinsu da almakashi, ya tura cikin kan har sai ya hango jan ƙarfen kowace ya taɓo ƙarshe, sannan ya matse. In ɗaya ta goce, fitilar suwic tana iya ƙin kamawa, sai a yanke a sake.

Waya ɗaya ba ta wuce mita 100. Bayan haka saƙo yana raunana. Wannan ya ishi kowane ofis, amma makarantar da azuzuwanta ke warwatse a fili sai ta ƙara suwic a tsakiya. Akwai kuma waya mai araha a kasuwa wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe. Tana karyewa a bakin kai, kuma ba ta jure nisa. Wanda ya kankare ta da wuƙa ya ga fari a ciki ya san abin da aka sayar masa. Ɓera yana son wayar rezo, rana tana cinye bawonta, don haka a bututun roba ake sa ta. Wadda aka rataya a sama daga gini zuwa gini kuwa, da damina ta faɗi tana iya kwaso tsawa ta ƙone suwic da duk abin da ke jikinsa.

Ko tsohuwar kwamfutar 2004 tana da ramin rezo mai gudun megabit 100 a daƙiƙa. A aikace wannan na nufin fayil mai gigabait ɗaya ya ƙetara cikin kamar minti ɗaya da rabi. Ga ofishin da ya saba tura takarda ta WhatsApp daga ɗaki zuwa ɗakin da ke maƙwabtaka da shi, ana jiran rezo, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Inda tsoho da yaro ba sa jin juna

Matsalar gaske tana farawa bayan fitilu sun kama. An ba uwar garke lamba tsayayya, misali 192.168.1.10, an buɗe jakar da za a raba, an yi wa kowa suna da kalmar sirri. Mai Windows 7 ya rubuta lambar, jaka ta buɗe. Mai Windows 11 ma haka. Aka zo kan XP, sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta fito da saƙo cikin Faransanci cewa ba a sami hanyar rezo ba. Waya lafiya lau take, kwamfutar ma haka. Yare ne ya bambanta.

Ƙa'idar da kwamfutocin Windows ke bi wajen miƙa wa juna fayil sunanta SMB. Wani injiniyan IBM, Barry Feigenbaum, ya ƙirƙiro ta a 1983, Microsoft ya ɗauka ya faɗaɗa. Nau'inta na farko, SMB1, shi kaɗai XP ta sani. Na biyu ya zo da Windows Vista a 2006, na uku da Windows 8 a 2012. Shekaru da yawa sababbin kwamfutoci suna jin duka ukun, don haka babu wanda ya lura. Abin da ya sauya lamarin ya faru ranar 12 ga Mayun 2017, lokacin da cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta ɓarke. Ta wata ɓaraka a SMB1 take shiga, ba sai wani ya danna komai ba. Ta kulle fayiloli ta nemi fansar dala 300. Cikin ƴan kwanaki ta kama kwamfutoci sama da dubu 200 a ƙasashe kusan 150. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin likita kimanin dubu 19. Abin ya kai Microsoft, wanda ya daina kula da XP tun 8 ga Afrilun 2014, ya fitar mata da faci na gaggawa. Abin mamaki, yawancin waɗanda suka kamu ba XP ba ce, Windows 7 ne da ba a sabunta ba, alhali maganin ya fito tun watan Maris na shekarar.

Daga ƙarshen 2017 Windows 10 ya fara zuwa ba tare da SMB1 a kunne ba. Samba ma ta bi sahu. Samba ita ce manhajar kyauta da Andrew Tridgell ya fara rubutawa a Canberra ta Ostireliya a farkon shekarun 1990, wadda ke ba kwamfutar Linux damar raba fayil da Windows, kuma ita ce ke cikin yawancin akwatunan ajiya da ake sayarwa. A nau'inta na 4.11, na Satumban 2019, ta rufe SMB1. Tun kafin nan, a 2016, ta daina karɓar tsohuwar hanyar tantance kalmar sirri da XP ke amfani da ita in ba a sauya mata ba. Shi ya sa wani lokaci XP takan ga uwar garken sarai, ta nemi kalmar sirri, a ba ta daidai, ta sake nema, har mutum ya fara zargin yatsunsa.

Akwai gajeriyar hanya, kuma kowane mai gyara ya san ta. Layi ɗaya ne a fayil ɗin saitin Samba, wanda ke cewa ta karɓi NT1, wato SMB1. Ko akwati ɗaya da za a danna a Windows 10. Minti biyar an gama, shugaba ya yi murna, mai gyara ya karɓi kuɗinsa. Sai dai ƙofar da WannaCry ta bi ce aka sake buɗewa. Idan rezon ofis ɗin a rufe yake ruf, haɗarin kaɗan ne. Amma yau wane ofis ne a rufe? Wani zai jona wayarsa don ya aika rahoto Doso, wani zai kawo ƙaramar kwamfutarsa daga gida, ga Starlink da ya fara aiki a Nijar a 2025 yana shiga wuraren da a da ba a mafarkin intanet. Ranar da aka soka wayar intanet a suwic ɗin da XP ke kai, lissafin ya canza, kuma galibi babu wanda zai tuna ya faɗa wa mai gyara.

Masu aikin da hankali suna bin ɗaya daga hanyoyi biyu. Ta farko, a killace tsofaffin: a sa wa uwar garke katin rezo na biyu, a ba XP suwic nata daban wanda ba ya taɓa intanet, a sa mata facin 2017, a saita ta ta riƙa tantance kalmar sirri da sabuwar hanya, NTLMv2, kuma a nuna mata jaka ɗaya tak maimakon dukan ma'ajiya. Ta biyu, wadda ta fi inganci in ma'aikata za su yarda, a sauke XP gaba ɗaya a ɗora Linux mara nauyi, irin antiX ko Debian 12, waɗanda ke tafiya a kan tsofaffin injuna kuma suna jin SMB3. Cikas ɗin a nan na ɗan Adam ne. Sakatariyar da ta shekara goma sha biyar tana buga wasiƙa a Word 2003 ba za ta yi maraba da LibreOffice ba a makon farko, kuma wata na'urar buga takardar ko wata manhajar lissafi da aka gada ba ta aiki sai da Windows. Wanda ya zo da ƙarfi ya goge komai rana ɗaya, yakan dawo bayan wata guda ya tarar an kira wani ya maido da XP.

Wasu kan ce me ya sa za a wahala da Linux, a raba jaka kawai daga ɗaya daga cikin kwamfutocin Windows. Ana iya yi, amma Microsoft ya sa iyaka: XP Professional mutum goma take karɓa lokaci guda, nau'in gida biyar, Windows 7 ashirin. Ga ƙaramin ofis ya isa. Ga ɗakin kwamfuta na makaranta, in XP ce, ɗalibi na goma sha ɗaya zai tsaya a waje. Ban da haka, kwamfutar da wani ke aiki a kanta ba ta dace da ma'ajiya ba. Ranar da ya kashe ta ya tafi jana'iza a Matankari, ofis duka ya tsaya.

Wani ɗan abu da ya shafi masu rubutu da Hausa, musamman yanzu da kundin 2025 ya ɗaga matsayinta a Nijar: SMB ba ta da matsala da ƙ da ɗ da ɓ a sunan fayil, tana ajiye su daidai. Amma yawancin salon rubutun da ya zo da XP ba shi da waɗannan baƙaƙe, sai a ga ƴan akwatuna a gurbinsu. Sunan bai lalace ba. A wata kwamfutar zai fito lafiya.

Kuran, ƙura da batirin agogo

Uwar garke ba ta son a yanke mata wuta tana tsakar rubutu. A Arewa kuwa kuran, wato wutar lantarki, ba shi da alƙawari. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nigelec ke rabawa daga Najeriya take zuwa, babban layin yammacin ƙasar daga Birnin Kebbi yake tasowa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta yanke wutar a farkon Agusta, ba ta maido ba sai Maris na 2024. Ko ba rikici, watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, lokacin ɗauke-ɗauke ne.

A nan ne zaɓin injin ke da muhimmanci. Tsohuwar kwamfutar tebur da allonta tana iya shan wat 100 ko fiye. Ƙaramar Raspberry Pi, wadda ta fara fitowa a 2012 kuma ba ta fi tafin hannu ba, da faifan ajiya a jikinta ba ta wuce wat 10 ba. A kwana da yini wat-awa 240 ke nan. Batiri mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200. Ko rabinsa kawai aka yarda a sha don kada ya mutu da wuri, ya riƙe ta kwana biyu, kuma fanno ɗaya na hasken rana ya isa ya cika shi. Wanda bai sami Pi ba, tsohuwar kwamfutar hannu da allonta ya fashe ta fi kwamfutar tebur dacewa da wannan aiki, don batirinta na cikinta: kuran ya tafi, ita tana nan. A tuna dai da suwic, shi ma sai an ba shi wuta.

Ƙurar hunturu kuma tana da nata aikin. Tana shiga ta fanka ta yi dandazo a kan ƙarfen da ke sanyaya ƙwaƙwalwar injin, sai ya riƙa mutuwa da kansa da rana tsaka. A buɗe a hure sau biyu a shekara, a ɗaga injin daga ƙasa, kada a lulluɓe shi da zane yana kunne.

Sai ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, da ke riƙe agogon kwamfuta. A injin da ya shekara goma sha biyar ya daɗe da mutuwa, don haka duk safiya kwanan wata yana komawa shekarar da aka ƙera shi. Lokacin da kowa ke aiki shi kaɗai, babu wanda ya damu. A kan uwar garke kuwa abin yakan zama rigima: jadawalin da aka gyara yau ya fito da kwanan watan 2005, manhajar da ke kwafe sababbin fayiloli ta ɗauka tsoho ne ta tsallake shi, ko wani ya share shi da sunan shara. Shugaba ya ce injin ya lalace a nemo sabo, mai gyara ya ce, "Ranka shi daɗe, ba injin ba ne, agogonsa ne." Kuɗin batirin bai kai na kwanon shinkafa ba.

Da zarar ma'ajiyar ta tsaya da ƙafarta, ana iya ɗora mata abin da ya fi wasiƙu. A ƙarshen shekarun 1990 wani Ba'amurke, Cliff Missen, ya koyar a Jami'ar Jos, ya ga yadda rashin intanet ke hana malamai da ɗalibai karatu. Da ya koma Jami'ar Iowa, shirinsu na WiderNet ya fito da eGranary: faifai cike da miliyoyin takardu da littattafai, a jona shi a rezon makaranta kowa ya karanta. Kiwix, wadda Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin suka fara a 2007, tana yin haka da Wikipedia, har da ta Hausa da ta Faransanci. Shirin Afripedia ya kai ta jami'o'in ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci daga 2012. Wannan ya dace da XP ƙwarai. Chrome ya rabu da ita a nau'i na 49, Firefox a na 52, don haka yawancin shafukan intanet na yau ba sa buɗuwa a kanta yadda ya kamata. Amma shafin da ke fitowa daga uwar garken ɗaki ɗaya, mara nauyi, takan buɗe shi. Ɗalibin Geceme ko Sukukutan zai iya karanta tarihin Sarauniya Mangu ta Lugu da yaƙinta da rundunar Voulet da Chanoine a 1899 ba tare da an sayi kati ba.

Abu biyu ne suka fi kashe irin wannan aiki, kuma babu na waya a ciki. Na farko, mutane su ɗauka tunda fayil yana uwar garke ya tsira. Bai tsira ba. An dai tara ƙwai a wuri ɗaya. Faifai yana mutuwa, ɓarawo yana shiga, rufi yana yoyo. Dole a sami faifai na biyu da ake kwafe komai a kai duk mako, a cire shi, a kai shi wani ginin. Kuma a riƙa gwada buɗe kwafin, don an sha tarar da faifan da aka yi shekara ana jonawa babu komai a ciki. Na biyu, kalmar sirrin mai kula. Ma'aikacin gwamnati ba ya dawwama a gari ɗaya. Yau yana Tibiri, baɗi an mayar da shi Gaya ko Loga. Idan shi kaɗai ya san kalmar, kuma shi kaɗai ya san wace waya ta tafi wane ɗaki, to ranar da ya hau mota ma'ajiyar ta zama akwatin da ba a taɓawa, har ran da ta tsaya, a koma kle. Littafi ɗaya mai bango a aljihun teburin shugaba, da lambobin injuna, da zanen wayoyi, da kalmar sirri a ambulan rufaffe, ya fi kowace sabuwar na'ura amfani a nan.

Shi kuma tsohon yaren, SMB1, kwanansa ya kusa ƙarewa ta wata hanyar da ba a zata ba. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10 kyauta, kuma Windows 11 ba ya hawa injin da ba shi da guntun tsaro na TPM 2.0 ko wanda ƙwaƙwalwarsa ta girmi zubi na takwas na Intel. Ofisoshin Turai da Amurka suna sauke miliyoyin injuna masu lafiya na 2014 zuwa 2017, kuma wani kaso zai biyo jirgin ruwa. Hanyar Kwatano ta Gaya ta toshe a 2023, amma kaya sun ci gaba da shigowa ta Lome da ta Najeriya. Waɗannan injuna suna jin SMB3, ramin rezonsu gigabit ne, kuma Linux na zamani yana tafiya a kansu ba tangarɗa. Ofishin da ya riga ya ja wayoyinsa ya kafa uwar garkensa, abin da zai yi kawai ya zare waya daga bayan XP ya soka a sabon injin, ya goge layin NT1 daga saitin Samba, tsohuwar kuma a kai ta ɗakin koyon buga rubutu inda ba ta bukatar waya.